Masu zuwa neman tiraka saboda ragin inshora

Ni dai asalin sana'ata wayarin ɗin mota ce, a garejin bakin tasha na koya tun ina ɗan yaro mai miƙa sifana, yanzu alhamdulillahi ina da ɗan shagona a nan Wudil da yara uku a ƙarƙashina. Aikin tiraka kuwa, wato 'yar na'urar da ke nuna maka inda motarka take, daga baya ya shigo, wani maigidana mai ɗaukar shanu zuwa kudu ne ya fara kawo min ɗaya a kwali ya ce in haɗa mishi, na kwana biyu ina juya takardar ciki kafin na gane kanta, daga nan abu ya kankama. Kaya daga Kano nake saro su, kyamarar gaban mota ma haka.

Toh abin da ya sa nake wannan rubutun, kwanan nan mutane sun fara zuwa da wata magana, wai sun ji in ka sa tiraka da kyamara za a rage maka kuɗin inshora. Wani direban Sharon ma cewa ya yi rabi ake ragewa. Na ce mishi oga wace inshorar kake da ita? Ya zaro takarda daga aljihun mota, ƙaramar nan ce ta dole wadda ake ce wa tad fati. Na ce to wannan ko tiraka goma ka liƙa babu sisin da za a rage maka.

Dalili kuwa farashinta a yanke yake. Hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ce ta ɗaga shi daga 1 ga Janairun 2023, motar gida daga naira 5,000 ta koma 15,000, adaidaita sahu 5,000, babur 3,000, babbar mota ta ɗaukar kaya 100,000. Kuma ita wannan ba motarka take karewa ba, wanda ka buge take biya, a motar gida ɓarnar dukiya har zuwa miliyan 3. In an sace maka mota ba ruwanta, to kaga tiraka ba ta rage wa kamfani asarar komai ba balle ya yi maka ragi. Tun da 'yan sanda suka tsananta tambayarta a Fabrairun 2025 kowa ita yake yanka, shi ya sa ma maganar inshora ta cika bakin mutane a tasha.

Inda ragi yake shigowa shi ne babbar inshora, wadda ta haɗa da sata da gobara da hatsarin motarka kai kanka. Nan kam kamfani yana son ganin tiraka, don in an sace motar shi zai biya, in aka gano ta ya huta. Wasu su rage maka wani abu, wasu su saka maka tirakar da kansu a cikin kuɗin, wasu kuma in motar mai tsada ce sharaɗi ne ma ba alfarma ba. Amma a wannan sanarwar ta NAICOM ɗin an ce bayan duk wani ragi kuɗin kar ya yi ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na darajar motar. Misali motarka ta miliyan 6, kashi biyar ɗinta 300,000 kenan a shekara, in da farko sun ce maka kashi shida wato 360,000 to iyakar abin da za ka samu 60,000 ne, in kuwa dama a kan biyar ɗin suka yanka maka shikenan babu inda za a sauka. Kuma tsakani da Allah a nan wajenmu mutum nawa ne ke yin babbar? Cikin waɗanda na sa wa tiraka ba su fi a ƙirga da yatsu ba, galibinsu masu motocin da banki ko ofis ya tilasta musu, sai 'yan kaɗan da suka shiga ta takaful saboda sun fi natsuwa da ita ta fuskar addini.

Wani abu da ya taɓa ba ni kunya. Wani Alhaji mai sayen riɗi a ƙauyukan Jigawa na sa wa Hilux ɗinsa tiraka, ya kai takardata wajen kamfanin inshorarsa suka ce ba su san ni ba, sai dai a je wajen masu sakawar da suke hulɗa da su. Ya dawo ransa a ɓace, na ce Alhaji ka yi haƙuri laifina ne da ban ce ka fara tambayarsu ba. Na cire na mayar mishi da kuɗinsa ban da na aiki. Tun ranar duk wanda ya zo da maganar ragi sai na ce ya kira kamfanin a gabana, kuma su rubuto mishi, maganar baki ba ta biyan mota.

Ita tirakar kanta ba wani siddabaru ba ne. Ɗan akwati ne da bai kai tafin hannu ba, yana gane inda yake ta tauraron ɗan adam, sai layin waya da ke cikinsa ya turo maka a wayarka. Muna haɗa mata rile, wato ɗan makunnin da ke yanke wuta, a kan wayar famfon mai yadda in ka tura saƙo motar za ta mutu. Inda ake ɓoye ta kuma ba zan faɗa ba, ɓarayi ma suna karatu. Matsalar duka tana wajen layin nan. Mutum zai biya a saka, wata uku yana duba waya yana nuna wa abokai a majalisa, daga nan ya manta, data ta ƙare, layi ya daɗe ba a amfani da shi a rufe, sai ranar da aka ɗauke motar a kasuwar Juma'a ya rugo da gudu wai Malam duba min. Me zan duba? Haka ta faru da wani mai Golf, ƙarshen inda ta nuna ƙofar gidansa ne wata bakwai baya. In da yana da babbar inshora da sharaɗin tiraka a ciki, wannan sakacin kaɗai zai iya jawo mishi jayayya wajen biya. Ga kuma wuraren da ba sabis, in mota ta shiga daji sai ta yi shiru har sai ta fito.

Kyamara kuwa ban taɓa ganin wanda aka rage wa kuɗi saboda ita ba a cikin kwastomomina, amma direbobin haya sun fi kowa morarta. Titin Kano zuwa Maiduguri ranar kasuwa ga shanu ga babura ga masu tsallakawa, in aka yi karo kowa rantsuwa yake, bidiyo ne ke raba gardama. Shawarata dai kar a sayi mai batir a ciki, zafin Afrilu a jikin gilashi kumbura shi yake, a nemi mai kafasita, wato ɗan abin riƙe wuta da ake sawa a madadin batir, kuma memori mai kyau don na bogi yana daina ɗauka ba ka sani ba. In abu ya faru a zare memorin nan take, in ba haka ba sabon ɗauka zai hau kan tsohon.

Yanzu littafi na saya babba, duk motar da muka sa wa tiraka na rubuta lambar layin da ranar da datarta za ta ƙare, ƙaramin yarona aikinsa kenan duk farkon wata ya bi su da kira ɗaya bayan ɗaya. Wasu su turo kuɗin, wasu su ce sai an sayar da amfanin gona, na saka musu daga aljihuna na rubuta bashi.