Rasiɗi ɗaya ya dawo da kuɗin azuzuwa

Aikin gyaran azuzuwa ne aka bai wa wani ɗan kwangila a nan Damagaram, ni kuma aka ajiye ni duba takardu kafin biyan ƙarshe. An riga an biya shi kashi biyu. Da na ga farashin siminti sai gabana ya faɗi, don ina bi ta kasuwar Dole kusan kullum, na san yadda ake sayar da buhu.

Kuskurena na farko, na tare shi da farashin kasuwa. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, kasuwa ai hawa take tana sauka." Na rasa ta cewa, don gaskiya ya faɗa. Tsada kaɗai ba ta kama mutum. Abin da ke kama shi shi ne a nuna cewa ranar da ya sa hannu ya san farashi mai sauƙi, ya ɓoye. A Amurka ma, dokarsu ta 1962 ta kwangilolin gwamnati a kan wannan ta tsaya: ɗan kwangila ya tabbatar alƙalumansa daidai ne, cikakku, kuma na lokacin, in ba haka ba a zaftare kuɗin.

Sati biyu na yi ina tonon fayil. A ƙarƙashin takardun dako na tsinci rasiɗin dillalin da ya sayar masa, duk ya yamutse, da tabon shayi a gefe. Kwanan watansa ya riga na kwangilar, kuma farashin ya haɗa da kawowa har bakin aiki. Shi kuwa ya sake lissafa dako daban, ya ɗora harajin TVA, wato harajin da ake ɗorawa kan sayen kaya, na 19 cikin 100 a kan duka.

Na ajiye masa takardun biyu gefe da gefe, na ce, "Alhaji, duba kwanan watan." Ya daɗe yana jan casbi bai ce uffan ba.

Ban nemi ya kawo kuɗi a hannu ba, wanda ya shiga aljihu fitarsa sai an sha wuya. Muka rubuta masa wasiƙa da lissafi layi-layi, aka ba shi wa'adin amsa, sannan aka cire rarar daga abin da ya rage a biya shi. Da an bari ya karɓi biyan ƙarshe da kuɗin garanti, wato wanda ake riƙewa har a tabbatar da ingancin aiki, da sai dai mu yi ta zarya kotu.

Abin da ke ci mini rai har yau, rasiɗin nan yana cikin fayil tun ranar farko, hannu uku ya wuce ba wanda ya buɗe shi. Kuɗin da aka cire aka yi wa yara tebura da su. Yanzu duk wanda ya kawo mini ƙiyasi, rasiɗin dillalinsa nake fara nema kafin in kalli jimla.