Yadda na bi sawun tushen manhajar Wikipedia har inda yake

Duk wanda ya saba gyara a Wikipedia ta Hausa ya san maƙala daban, maɓallan da ke kewaye da ita daban. Maƙala kowa na iya dannawa ya gyara. Maɓallai kuwa, wasu an mayar da su Hausa, wasu suna nan da Turancinsu, kuma ba inda za ka taɓa su. Ƙanena da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ne ya ce min wata rana muna zaune a Mabera: "Yaya, tunda an ce manhajar nan ta kowa ce, ina tushenta yake? Mu gani mana." Daga nan na shiga neman tushen, wato ainihin rubutun da aka gina manhajar da shi.

Shafin farko na kowace irin wannan manhaja zaure ne, an shirya shi don baƙi. Mai neman tushe sai ya gangara can ƙasan shafi, inda ƙananan rubutu suke. A ƙasan Wikipedia akwai ɗan tambarin da ke nuna cewa manhajar MediaWiki ce ke tafiyar da ita, da kuma mahaɗin masu rubuta manhaja. Tambarin ya kai ni mediawiki.org, inda na tarar an rubuta ta da harshen PHP, kuma lasisinta GPL ne, wato doka ta ba ni damar in karanta, in kwafa, in canza.

Abin da na fi so mutane su sani shi ne wannan. Idan ka yi bincike, GitHub, shafin da ake ajiye tushen manhajoji, zai fara fito maka, kuma lallai duk fayilolin suna can. Amma kwafi ne kawai. Ainihin aikin a Gerrit ake yinsa, a gerrit.wikimedia.org, can ake tura gyara, can ake duba shi kafin a karɓa. Rahoton matsala kuma shafin Phabricator ake kai shi. Ba MediaWiki kaɗai ke haka ba: manhajar ofis ta LibreOffice ma Gerrit take amfani da shi, VLC mai kunna bidiyo kuwa tana da nata rumbun, wato ma'ajiyar fayilolin tushe, a code.videolan.org. Tun daga lokacin, kafin in ɗauka na iso, sai na karanta ɗan bayanin da ke saman rumbun in ga ko an ce kwafi ne.

Samun rumbun bai kai wahalar samun layin da nake nema a cikinsa ba, don fayilolin dubbai ne. Dabarar da ta cece ni ƙarama ce. Idan ka ƙara ?uselang=qqx a ƙarshen adireshin shafi, duk rubutun maɓallai sai ya ɓace, sunan kowane saƙo ya bayyana a gurbinsa. Da na fara gani a wayata, sai da na miƙa wa ƙanena ya duba. Da sunan saƙon na shiga jakar languages, na buɗe i18n, sai ga ha.json, fayil ɗin Hausa. Ga en.json na Turanci, ga kuma qqq.json mai bayanin inda kowane saƙo yake fitowa. Duk saƙon da babu shi a ha.json, manhajar na Turancin take ɗaukowa. Dalilin ke nan da maɓallan suke a gauraye.

Wani saƙon na neme shi a ainihin manhajar ban same shi ba. Ashe na wani ƙari ne da aka ɗora a kanta, irin su VisualEditor na gyaran maƙala, kuma kowane ƙari da nasa rumbun. Shafin Special:Version na jero duk abin da aka ɗora a kan wiki, shi kuma codesearch.wmcloud.org yana bincika rumbunan gaba ɗaya a lokaci guda. Wannan ya hutar da ni sauke komai, kuma ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa ba ƙaramin sauƙi ba ne. Idan saukewar ta zama dole, umarnin git clone (git manhaja ce ta sauke rumbu da tura gyara) tare da --depth 1 yana kawo halin da manhajar take ciki yanzu, ba tare da tarihin shekaru sama da 20 ba.

Na so in gyara ha.json kai tsaye, amma ba a nan ake fassara ba. A translatewiki.net ake yi, daga can ake kwaso fassarorin a zuba cikin rumbun. A ganina tsarin ya yi daidai, domin malamin Hausa da bai taɓa jin sunan git ba zai iya ba da gudummawa, kuma irinsu muna da su da yawa a Sakkwato. Na buɗe asusu, na fara da saƙonnin da mai karatu ya fi gani. Wikimedia, gidauniyar da ke kula da Wikipedia, kan saki sabuwar MediaWiki kusan kowane mako, tsakanin Talata da Alhamis, saboda haka wanda ya fassara yau sai ya ɗan yi haƙuri kafin ya ga aikinsa a shafi.