Abin da fuskar wata amarya ta koya mini a shagon gyaran jiki

Ranar Asabar da ta wuce na miƙa wa Hajiya makullin shago, bayan shekara 6 ina gyaran amare da haɗin mai a wurinta a Agege. Tun ranar 'yan'uwa masu wannan sana'a suke ta kirana suna tambayar abin da ya haɗa mu. Babu abin da ya haɗa mu a satin nan. Abin da ya raba mu ya faru shekara 2 da suka wuce, zaman haƙuri kawai na ci gaba da yi don ban gama tara kuɗin hayar nawa wurin ba.

Wata uwa ce ta kawo 'yarta daga Idi-Araba, biki saura sati 5. Yarinyar fara ce sol, irin farin nan na gado, a karan hancinta da saman kumatunta akwai ɗigo-ɗigo ƙanana masu ruwan ƙasa kamar an barbaɗa mata riɗi. Ba su taso sama da fata ba, ba sa ƙaiƙayi. Ita ko a jikinta. Ina wanke mata fuska ta ce mini, "Anti, tun ina firamare nake da su, Abbana ma yana da su." Uwar ce ta ɗaga hankali, wai wata gwaggon ango ta tambaya ko ciwo ne.

Hajiya daga kan kujerarta ta leƙo, ko tasowa ba ta yi ba. "Tabo ne. A yi mata mai ƙarfi, lokaci ya ƙure." A shagonmu duk abin da ya fi sauran fata duhu sunansa tabo, kuma maganinsa ɗaya. Na matse tub 3 na man sitiroyid, maganin kumburin fata da ake bilicin da shi, a cikin man kaɗanya, na ƙara wani man da ke da haidirokwinon, sinadarin bilicin, wanda babu adadinsa a jikin kwalbar, na ce ta shafa safe da dare. A sati na biyu Hajiya ta ce a sa mata ruwan saɓar fata. Wannan umarninta ne. Amma ni ce na bar shi a fuskar yarinyar ya wuce ƙa'ida, tana cewa "Anti, yana zafi," ina cewa ta daure, kyau ai sai da wahala. So nake a ce hannuna ya fi na kowa. Kuma ban ce mata uffan a kan rana ba, alhali na san kullum suna kasuwar Balogun sayen kayan ɗaki, cikin zafin watan Fabrairu.

Bayan kwana 10 da yin haka suka dawo. Fuskar ta yi ja ta saɓe, inda ya fara warkewa kuma ya koma baƙi, shafi guda a kowane kunci, ya fi ɗigon da muke neman gogewa muni nesa ba kusa ba. Uwar tana kuka. Hajiya ta dube ni a gabansu, a gaban yaran shago 4 da ni na koya musu aiki, ta ce, "Ni ban taɓa sa ta wannan haɗin ba. Ke, durƙusa ki ba su haƙuri." Na durƙusa, ina da shekara 31 a duniya. Ta riƙe albashina na wata 2 ta ce na asibiti ne. Rabona na laifin na ɗauka, har gobe ina ɗauke da shi. Nata rabon ne har yau ban ji ta ambata ba, ko mu biyu a ɗaki.

Na roƙi uwar ta bar ni in bi su wurin likitan fata. A can, cikin minti 20, na ji abin da shekara 4 a shago ba su koya mini ba. Launin fata daga wani sinadari yake da ake kira melanin. Masu wannan ɗigon, wasu ƙwayoyin fatarsu ne ke zuba melanin fiye da maƙwabtansu idan rana ta taɓa su, shi ya sa yake fitowa a hanci da kumatu da kafaɗa, yake ƙara duhu lokacin zafi, ya dusashe idan mutum ya rage shiga rana. Gadonsa ake yi, an fi danganta shi da ƙwayar halitta mai suna MC1R, kuma ya fi yawa ga masu hasken fata. Ba ciwo ba ne. Abin da yake nunawa kawai shi ne fatar mai shi ba ta jure rana. Wato yarinyar ta faɗa mini duk wannan da bakinta tun ranar farko, da ta ce Abbanta ma yana da su, ni ce ban saurara ba.

Baƙin da ya biyo baya kuwa aikinmu ne. Fatar mutanenmu idan aka ƙona ta ko aka ji mata rauni, da ƙarin launi take ramawa, kuma sai an yi watanni kafin ya tafi. Sitiroyid yana sa fata ta yi sirara har jijiyoyi su bayyana, ga ƙuraje ga nankarwa. Haidirokwinon idan aka daɗe ana shafawa yana barin wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu wanda da wuya ya goge, irin wanda muke gani a fuskokin tsofaffin kwastomominmu muna ƙara sayar musu da abin da ya jawo shi. Hukumar NAFDAC ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a man shafawa ba. Ni da nake zuba shi da cokali ban taɓa sanin kashi nawa ke cikin kwalbata ba.

Ga mai irin wannan ɗigo da take son rage shi, yanzu abin da nake faɗa ba ya kawo ciniki. Na farko man kariyar rana mai lamba SPF 30 ko sama, kullum, a sake shafawa bayan awa 2 idan ana waje, a haɗa da lema. Idan babu wannan, duk abin da aka saya asarar kuɗi ce. Bayansa akwai na shafawa masu sauƙi kamar bitamin C da nayasinamaid da azelaik asid, suna rage duhun a hankali, sai an ba su wata 2 zuwa 3 kafin a ga wani abu, kuma ragewa suke yi. Tiretinoyin, wani maganin shafawa mai ƙarfi, sai da izinin likita, mai ciki ba ta shafa shi, abin da ya kamata duk mai gyaran amare ta riƙe tunda amarya yau, gobe mai ciki ce. Na'urar leza tana cirewa, amma a fatarmu tana iya barin tabon da ya fi na farko idan mai yin bai ƙware ba, kuma ɗigon yana dawowa da an koma rana. Amaryar nan kuwa, hoda da fandeshan na minti 10 sun ishe ta ranar biki, idan ma ta so rufewa.

Sauran darussan gajeru ne. Ƙananan baƙaƙen nan masu tasowa a kumatun iyayenmu mata wani abu ne daban, babu man da ke cire su. Duhun fuskar mai ciki shi ma daban, sau da yawa yana raguwa bayan haihuwa. Zabiya idan ta zo da tabon rana, asibiti za a tura ta. Duk tabon da ke canza siffa ko launi, ko yake jini, ko yake girma, ba na shago ba ne. Kada ki shafa wa mutum abin da babu rubutu a jikinsa. Idan uwar ɗakinki ta sa ki haɗi, ki sa ta faɗa a gaban wani, ko ta turo miki a WhatsApp.

Bayan abin na daina taɓa tub, na tsaya a dilka da halawa da lalle. Hajiya ta ce na zama malamar asibiti, ta mayar da haɗin hannun wata yarinya da ba ta fi wata 8 a shagon ba. Amare 3 na mayar gida ba tare da na sayar musu da komai ba, ɗaya daga cikinsu ita ta samo mini shagon da zan buɗe.

An yi bikin yarinyar Idi-Araba a ranar da aka sa, da kwalliya mai kauri. Da ƙaramar Sallar bana ta zo lalle, goye da ɗanta, ta ce ni take so in yi mata. Ɗigon hancinta ya dawo yadda yake. A kuncinta na hagu akwai sauran inuwa kamar faɗin babban yatsa, ina zana mata hannu idona yana komawa wurin. Ta lura, ta gyara mayafinta ta ce, "Anti, ya kusa tafiya ai."