Wasiƙa daga Virginia: karnukan da aka fasa kashewa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Ina fatan kuna lafiya, ku da iyali. Yau zancen karnuka na kawo muku. Na san wani zai ce ana fama da tsadar masara shi kuma yana Amurka yana lissafin kare, amma ku ba ni aron kunne.

A watan Afrilun 2007 'yan sanda suka je binciken ƙwaya a wani gida da ke yankin Surry, a nan jihar Virginia. Gidan na Michael Vick ne, tauraron ƙwallon Amurka da ke buga wa ƙungiyar Atlanta Falcons a lokacin. A bayan gidan suka tarar da ɗakuna shafe da baƙin fenti, da karnuka irin pit bull wajen 50, da yawansu ɗaure da sarƙa a jikin ƙarfen mota da aka binne a ƙasa. Haɗa su faɗa ake yi ana caca. Wanda bai nuna zafi ba sai a rataye shi ko a nutsar da shi a ruwa. An yanke wa Vick hukuncin ɗaurin wata 23, ya kuma biya kusan dala miliyan 1 kuɗin kula da karnukan.

Kafin wannan shari'a, karen da aka ƙwato daga fagen faɗa allurar mutuwa ake yi masa, ba tambaya. Har ƙungiyoyin PETA da Humane Society, waɗanda aikinsu kare dabbobi ne, sun ce a kashe su duka. Sai kotu ta yarda ƙwararru a ƙarƙashin ASPCA, ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta Amurka, su gwada kowane kare shi kaɗai. Guda ɗaya tak aka kashe saboda mugun hali. An kai 22 mafiya wahala gidan dabbobi na Best Friends da ke Kanab a jihar Utah, sauran aka rarraba wa ƙungiyoyi irin BAD RAP ta Oakland.

Abin da ya fi ba masu rainon wuya shi ne tsoron da karnukan ke ji. Mutum na shigowa sai kare ya baje a ƙasa, ciki da haɓa manne da siminti, ya ƙi motsi, sai dai a ɗauke shi a hannu a fita da shi. Wasu ba su taɓa hawa matakala ba. Mai raino kan zauna nesa kaɗan, bai kallon idonsa, ya ajiye abinci ya yi shiru, yau da gobe har karen ya matso da kansa. Wani watanni ya yi, wani shekaru, wasu kuma a can Utah suka ƙare rayuwarsu. Amma ɗaya mai suna Leo har asibiti ya riƙa zuwa a California yana ɗebe wa masu ciwon daji kewa.

Da na ji labarin, hadisin da ya hana zuga dabbobi su yi faɗa na tuna, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Mun karanta shi tun muna yara, amma a ganina ba ma kawo shi in samari sun haɗa raguna karo ko sun cuna karnuka a bayan gari, sai mu ce wasa ne.

Shi kuwa gidan na Surry, a 2011 wata ƙungiya mai suna Dogs Deserve Better ta saye shi, ta mai da shi wurin jinyar karnukan da aka kwance daga sarƙa.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
Ɗan uwanku a Richmond