Daga Ingila: yadda mu ma'aikatan asibiti muke kallon AI

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, ya aiki ya iyali, Allah ya sa kowa na lafiya. Ni nas ce a nan Ingila, kuma kwanan nan ba tambayar da ake yawan turo min a WhatsApp kamar wai da gaske ne ƙirƙirarriyar basira, AI ɗin nan, za ta kori likita daga asibiti? To bari ku ji daga bakin masu aikin.

Maganar kora dai ba ta cika damun kowa a nan ba. Tun 2016 Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin manyan masanan fasahar, ya ce a daina horar da likitocin da ke karanta hoton X-ray da sikan tunda kwamfuta za ta fi su, amma har yau ƙungiyarsu kuka take yi sun yi kaɗan, hotuna na jibge ana jiran mai dubawa. Su kansu likitocin suna yabon abin a inda ya yi amfani. Idan aka kawo mai shanyewar ɓarin jiki, manhaja na duba sikan ɗin ƙwaƙwalwarsa cikin mintoci ta tura wa babban likita a waya ko da yana wani asibitin, kuma a wannan ciwon duk mintin da ya wuce asara ce. A 2018 ma asibitin ido na Moorfields a Landan da kamfanin DeepMind sun nuna na'ura na iya gano cututtukan ido sama da 50 daga hoto.

Abin da ke hana mu sakin jiki shi ne wa zai ɗauki laifi in an samu kuskure. Yanzu akwai manhajar da ke sauraron likita da mara lafiya ta rubuta bayanin da kanta, shugabannin asibiti suna sonta don tana rage lokaci da kuɗi, amma wani lokacin takan rubuta abin da ba a faɗa ba, kuma sunan wanda ya sa hannu ne a ƙasa, shi za a kira ya yi bayani, kamfanin da ya ƙera ta yana can abinsa. Marasa lafiya kuma damuwarsu sirrinsu, kuma suna da hujja, don a 2017 hukumar kare bayanai ta ce asibitin Royal Free ya karya doka da ya miƙa wa DeepMind bayanan mutum kusan miliyan 1.6.

Ni kuwa wallahi abin da ya fi tsaya min a rai fatarmu ce. Ɗan abin nan da ake maƙala wa a yatsa a auna iskar oksijin, wanda ba AI ba ne ma, bincike ya nuna a 2020 yakan nuna wa baƙar fata lamba mai kyau alhali iskar ta yi ƙasa. Sai ki ga mutum yana numfashi sama-sama, haƙarƙari na ɗagawa, allo kuma na cewa lafiya lau, dole ido da kunne su yi aiki. To ina ga manhajar gano kansar fata da akasarin hotunan da ta koya da su na Turawa ne?

Na san a gida lissafin daban ne, wani garin babu mai karanta X-ray ko ɗaya. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da kwamfuta wajen duba hoton ƙirji don neman tarin fuka, kuma ana shiga ƙauyukan Najeriya da irin wannan na'urar, wannan kam ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Roƙona ga likitocinmu da masu sayo kayan asibiti, ku riƙa tambaya da hotunan su wa aka koyar da ita, ina bayanan mutanenmu ke tafiya, wa zai gyara in ta lalace. Iyaye kuma don girman Allah a daina tambayar ChatGPT yawan maganin da za a ba yaro mai zazzaɓi, a kai shi a auna nauyinsa a yi masa gwajin jini.

Ku gaida kowa da kowa, 'yar uwarku daga Ingila.