Godiya ga duk wanda ya zo zaman tunawa da Samanja

Assalamu alaikum jama'a. Tun shekaranjiya nake son rubuta wannan gajiya ta hana ni, sai yanzu na samu na zauna. Alhamdulillahi zaman addu'a da muka yi wa marigayi ɗan wasan kwaikwayo Alhaji Usman Baba Pategi, Samanja mazan fama, an tashi lafiya, kuma wallahi ban zaci za a cika haka ba, tabarma goma muka tanada sai da muka koma aro a masallaci.

Baba mai unguwa mun gode da ka ba mu ƙofar gidanka, Allah ya ƙara girma. Malam liman Allah ya saka da alheri, ka yi wa mamacin addu'a ka haɗa da su Ƙasimu Yero da ya rasu a 2017 da sauran 'yan wasan da suka riga mu gidan gaskiya. Iyayenmu mata da suka aiko da zoɓo da kunun aya ba wanda ya roƙe su, Allah ya biya ku.

Amma wanda ya fi shan wahala shi ne mai gyaran rediyon bakin kasuwa. Kaset ɗin bidiyo guda uku na samo a tsohuwar akwatin babana, duk sun yi fumfuna, bawan Allahn nan ya kwance su ɗaya bayan ɗaya yana goge zaren da auduga, kwana biyu yana abu ɗaya, biyu suka tashi ɗaya ya ƙi, ya juye mana su a filashi kuma da na miƙa masa kuɗi sai ya ce in mayar aljihu, ai shi ma a tagar maƙwabta ya riƙa leƙen Samanja yana yaro don gidansu babu talabijin. Malam, ban san da bakin da zan gode maka ba.

Farin zanin gado muka ɗaura a bango aka haska. Ana cikin kallo aka ɗauke wuta, kafin mu ce me sai ga ƙanena da abokansa sun jawo janareto daga shagon aski, ku ma na gode.

Yara da yawa ba su san shi ba, wani ya tambaye ni wai Yaya wannan mai gashin bakin sojan gaske ne? Na ce ƙwarai kuwa, soja ne kafin ya ajiye kaki a 1985 ya riƙe wasan kwaikwayo, kuma ba ma Bahaushe ba ne, Banufe ne ɗan gidan sarautar Pategi a jihar Kwara, an haife shi a 1942, Allah ya karɓi abinsa a Kaduna ranar 12 ga Nuwamba 2023. Sunan ma daga muƙamin saje manjo aka samo shi. Ni a ganina shi ya sa ba wanda ya iya kwaikwayonsa, Hausar bariki da yake gauraya ta da Turancin buroka ba karantawa ya yi a takarda ba, a cikinta ya zauna.

Akwai wani dattijo a layinmu da ya yi yaƙin basasa, ba ya shiga taro, jikokinsa ne suka riƙo shi suka kawo. Samanja na daka wa kurata tsawa a fareti sai muka ga Baba ya miƙe zaune ya ƙame, yana dariya hawaye na zuba, ya ce haka nasu yake sak har da zare idon. Baba mun gode da ka fito, ranka ya daɗe.

Wanda na manta ban ambata ba ya yafe ni. An bar fulas ɗin shayi shuɗi da takalmin yaro ƙafa ɗaya, suna wajena. Kuma don Allah duk mai tsohon kaset na Karambana ko Magana Jari Ce a gida ya yi min magana, mai gyaran ya ce a kawo.