Yadda Na Baje Kolin Sassaƙata a Garinmu

Na koyi sassaƙa da ginin yumɓu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, amma da lokacin baje kolina na farko ya yi, sai na yanke shawarar yin sa a garinmu da ke ƙasar Birnin Kudu a Jihar Jigawa, domin mutanen da na ɗauko rayuwarsu na zuba a cikin aikin su ne suka fi cancantar fara ganinsa. Yankinmu ba baƙo ba ne a harkar zane, tunda a Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu wanda mutanen zamanin da suka yi a jikin dutse tun zamani mai nisa.

Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne batun addini. A wurinmu, da zarar an ce mutum-mutumi, gunki ne ke faɗo wa mutane a zuciya, kuma ni kaina ban ɗauki maganar da wasa ba. Na je wurin limaminmu na ce, "Allah ya gafarta Malam, ina so in nuna rayuwar garin nan ba tare da na taɓa abin da shari'a ta hana ba." Ya bayyana mini cewa maganar malamai ta fi tsanani a kan siffanta abu mai rai, amma itace da kayan aiki da gine-gine babu laifi a kansu. Daga nan hanya ta buɗe mini. Na fahimci cewa ana iya nuna mutum ta wurin abin da hannunsa ya saba riƙewa, kuma a ganina wannan ya fi fuska faɗin gaskiya.

Aikin da na fi ba wa ƙarfi na sa masa suna "Lugude". Tsohon turmin ƙirya ne wanda gindinsa ya huje, na kafa masa taɓare uku da siraran ƙarafa, ɗaya ta sauka cikin turmin, ɗaya tana tsakiya, ɗaya kuma ta yi sama kamar an cilla ta za a tafa hannu. Babu mace ko ɗaya a wurin, amma duk wanda ya tashi a gidan da ake surfe da daka zai ga matan tsaye. Ban sare ɗanyen itace ba, domin ƙirya ta yi ƙaranci a dazukanmu. Tsofaffin turame da ƙotoci na bi gida-gida na saya, wani masassaƙi kuma ya ara mini gizagonsa. Sauran ayyukan sun haɗa da amalanke da muka haɗa da tarkacen ƙarfe ni da mai walda, da katakon bakin rijiya wanda igiyar guga ta yi wa kwari-kwari, da jerin takalman yumɓu irin na ƙofar masallaci ranar Juma'a, har da silifa ɗan ƙarami da aka ɗaure da waya.

Ilimin yumɓun kuwa a wurin wata dattijuwa maginiyar tukwane na ƙaro shi. Ita ta nuna mini yadda ake daka tsingaro a gauraya shi da yumɓu domin ya jure wuta, da yadda ake rarake abu mai kauri kada ya fashe, da shanya a inuwa a rufe da tsumma saboda iskar hunturu tana tsaga ɗanyen gini. Da kara da busasshen kashin shanu muka yi gashin a fili. Na ce mata, "Inna, kin san akwai maginiya irinki, Ladi Kwali, a jikin takardar naira 20?" Ta karɓi takardar ta daɗe tana dubawa, kuma tun daga ranar ta ɗauki aikin kamar nata.

Bayan na nemi izinin dagaci, muka shirya baje kolin a ajin firamare lokacin hutu, bayan an gama kaka, aka kuma daidaita shi da ranar kasuwa. Na ware wa mata lokaci bayan magariba da fitilun sola, domin da yawansu ba sa fita da rana, kuma su ne suka fi daɗewa a gaban "Lugude", suna gardama a kan wace taɓarya ce ta gwanar daka. Na kuma bar kowa ya taɓa, saboda mutanenmu da hannu suke tantance ingancin abu, yadda ake ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin a biya kuɗi. Sunayen ayyukan na rubuta su da boko da ajami, wanda hakan ya sa dattawa suka karanta da kansu ba tare da neman yaro ya taimaka ba.

Ciniki bai yi yawa ba, kuma dama ban sa rai da shi a ƙauye ba. Abin da na samu shi ne kayan aiki: wani manomi ya kawo mini tsohuwar garma, wani maƙeri ya ba ni zugazugin mahaifinsa. Da su nake shirya kashi na biyu, wanda nake fatan kaiwa Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa a Kano bayan damina.